Yadda ake tsara kuɗin kai iyali wurin wasan yara daga Gusau ba tare da cin bashi ba

Magidanci idan ya yi niyyar kai yaransa wurin wasa a Abuja ko Kaduna ko Kano, abin da yakan fara tambaya shi ne nawa ake biya a ƙofa. Wannan tambayar a ƙarshe ya kamata ta zo. Ga wanda zai taso daga Gusau ko Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, kuɗin shiga shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da zai kashe. Hanya ce ke cinye mafi yawa, sai masauki, sai tikitin kowane lilo da ake saya daban bayan an shiga. Saboda haka daga aljihu ake fara lissafi, sannan a nemi wurin da ya yi daidai da shi.

Mataki na farko: a tsayar da adadi, a ƙirga kawuna

Maigida da uwargida su zauna su yanke iyakar abin da za a kashe. Kuɗin ya zama wanda ko ya tafi gaba ɗaya ba zai taɓa kuɗin makaranta ba, ba zai taɓa hatsin gida ba, ba zai taɓa jarin kasuwa ko kuɗin taki ba. A rubuta shi a takarda. Duk abin da zai biyo baya a cikin wannan adadin zai zauna.

Daga nan a ƙirga masu tafiya, kuma a rufe ƙirgar da wuri. A nan ne kasafi ke fara yagewa tun ba a bar gida ba. Da zarar labari ya fita, ƙanwar maigida za ta ce a tafi da nata guda biyu, kaka za ta ce ai wane bai taɓa zuwa ko'ina ba. Kowane yaro da aka ƙara kujera ce zuwa da dawowa, abinci ne na kwana uku, tikiti ne a kowane lilo. In za a ɗauki ɗan wani, a faɗa wa iyayensa kuɗin kujerarsa tun farko, ba a jira sai an dawo a riƙa ƙorafi a ciki ba. Gida mai mata biyu ko fiye kuwa, a daidaita maganar kafin yara su ji: ko a tafi gaba ɗaya wuri mai kusa, ko a yi bi da bi, bana wannan ɗaki baɗi wancan, kuma a faɗi hakan a fili.

A rubuta shekarun kowane yaro gefen sunansa. Ɗan shekara uku ana iya riƙe shi a cinya, ɗan shekara bakwai a tafiyar awa bakwai sai da kujerarsa. Wasu wuraren ma da tsawon yaro suke duba wanda zai hau manyan lilo, don haka ba duka yaran ne za su ci kuɗi iri ɗaya ba.

Mataki na biyu: wuri

Daga Gusau zuwa Kaduna ta Tsafe da Funtuwa da Zariya wajen kilomita 260 ne. Zuwa Kano kusan 300. Zuwa Abuja wajen 450. Wannan bambancin shi ne ke raba tafiyar kwana ɗaya da ta kwana biyu ko uku.

A Kaduna akwai Ƙofar Gamji, wato filin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogi, inda tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take. A Kano akwai gidan zu na Audu Baƙo, ga katafaren kantin Ado Bayero a kan titi ɗaya da shi, ga Gidan Makama da Dutsen Dala ga mai son yara su ga tarihi. A Abuja akwai Magic Land, wanda a da ake kira Wonderland, kusa da babban filin wasa na ƙasa da ƙofar shiga birni. Akwai wurin wasan Maitama, akwai gidan zu da filin yara na Asokoro, akwai tafkin Jabi, akwai kuma Millennium Park da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a watan Disamban 2003, fili ne mai ciyawa da inuwa inda za a shimfiɗa tabarma a ci abinci.

In yaran duka ba su wuce shekara takwas ba, kai su Abuja asara ce. Yaro ƙarami ba ya bambance lilon Kaduna da na Abuja, kuma manyan injinan da ake zuwa Abuja dominsu ba za a bar shi ya hau ba. Abuja ta masu 'yan shekara goma zuwa sama ce.

Mataki na uku: lokaci

Ranar Sallah da washegarinta su ne mafi tsada kuma mafi wahala. Kuɗin mota yana tashi kafin Sallah, wuraren wasa suna cika maƙil, yaro zai yi awa guda a layi don lilon minti uku. Haka mako na ƙarshen Disamba a Abuja da Kaduna. Wanda ya samu hali ya je ranar Talata ko Laraba ko Alhamis a cikin hutun makaranta, amma ya tabbatar wurin yana buɗewa a ranar, domin wasu sukan rufe rana guda a mako ko su buɗe a makare.

Dogon hutu na ƙarshen Yuli zuwa Satumba yana faɗawa tsakiyar damina, kuma ruwan Abuja ya fi na Zamfara yawa da daɗewa. Idan hadari ya taso ana tsayar da injinan da ke waje, ba kuma lallai a mayar da kuɗin tikiti ba. Mai zuwa a wannan lokaci ya shiga da hantsi ya gama manyan lilo kafin la'asar. Hutun Afrilu zafi ne, kujerun ƙarfe suna ƙuna da tsakar rana, kuɗin ruwan sha ya ninka. Farkon hutun Disamba, kafin cunkoson Kirsimeti, shi ya fi daɗi, sai dai a ɗauki rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu.

Mataki na huɗu: hanya, inda rabin kuɗin yake

A je tasha da ƙafa a tambayi kuɗin kujera, kada a dogara da abin da wani ya biya wata uku da suka wuce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya. A tambayi na ƙaramar mota, a tambayi na bas, a tambayi na motocin gwamnatin jiha, a kuma tambayi nawa ne shata. Iyalin da ke buƙatar kujera biyar ko shida, sau da yawa bambancin da ke tsakanin biyan kujeru da ɗaukar motar gaba ɗaya kaɗan ne. Shata tana da amfani guda uku: ba jiran lodi, ana tsayawa inda ake so don salla da fitsarin yara, kuma direba yana kai mutum ƙofar masauki. Amma a gama ciniki a gaban 'yan yuniyon, a faɗi unguwar da za a sauka da sunanta, domin "Abuja" a bakin direba tana iya nufin Zuba.

Mai motar kansa ga lissafinsa. Gusau zuwa Abuja da dawowa kilomita 900, a ƙara 100 na yawo cikin gari, 1,000 ke nan. Ƙaramar mota mai lafiya ɗauke da mutum shida da kaya, a yi mata lissafin lita ɗaya a kowane kilomita 10, wato lita 100. A ninka da farashin lita na ranar. In za a kunna na'urar sanyi ko motar ta tsufa, a ƙara lita 15 zuwa 20. Sannan juyen baƙin mai, duba birki da tayoyi da safaya, duk a cikin kasafin tafiya suke, ba a gefe ba. Takardun mota su kasance ba su ƙare ba, don tara ɗaya a hanya tana iya cinye kuɗin lilon yara duka.

Akwai hanya ta uku da yara ke so ƙwarai: mota zuwa Kaduna, sai jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa Kubwa ko Idu. Jirgin ya fara aiki a 2016, ana sayen tikiti ta intanet, kuma ana neman lambar NIN ta manya. Ba lallai ya fi arha ba idan aka haɗa kuɗin zuwa Rigasa da na fita daga Idu, amma hawan jirgin kansa ya zama rabin shagalin, har a rage lilo a can. Matsalarsa lokaci: in motar Gusau ta makara jirgi ya tashi, an yi asarar tikiti an kuma ƙara kwana a Kaduna. Wanda ya zaɓi wannan ya kwana Kaduna da gangan, ya hau na safe.

Sai maganar tsaro, wadda duk ɗan Zamfara ya san ta. Ba a bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa da duku-duku ko bayan rana ta yi sanyi. A tashi bayan gari ya waye sosai motoci sun fara kai da kawo, a tambayi direbobin da suka shigo da safe yadda hanya take. Wannan yana da tasiri a kuɗi: ba zai yiwu a fito daga wurin wasa ƙarfe huɗu a ce za a kama hanyar gida ba. Kwanan ranar wasa na dole ne, a saka shi a lissafi. In kuma aka wayi gari labarin hanya ba daɗi, a ƙara kwana, kuma kuɗin wannan kwanan daga ko-ta-kwana zai fito.

Mataki na biyar: masauki da ci

Sauka gidan ɗan'uwa yana rage kuɗi, amma ba kyauta ba ne. Za a riƙa masa tsaraba, ko man shanu ne ko gero ko kaji, kuma mutum shida ba sa sauka gidan ma'aikaci kwana biyu ba a sa hannu a cefane ba. A duba kuma inda gidan yake. Yawancin 'yan'uwanmu a Abuja suna Zuba, Suleja, Dei-Dei, Kubwa, Nyanya ko Mararraba. Daga can zuwa tsakiyar birni mota guda cike zuwa da dawowa tana iya kai rabin kuɗin ɗaki. A tsakiyar birnin an hana acaɓa, Keke Napep ma ba ko'ina yake shiga ba, don haka tasi ne ko Bolt, wato motar haya da ake kira ta manhajar waya. Kada a tare motar da ba a sani ba a bakin titi da iyali saboda arha, akwai ɓarayin da ke shigar direba da fasinja.

In otal ne, a kira a yi tambaya huɗu: mutum nawa suke yarda a ɗaki ɗaya, suna ba da ƙarin katifa kuma nawa ne, wuta tana kwana ko ana kashe janareta da tsakar dare, ƙarfe nawa ake sallamar ɗaki. Da yawa tsakar rana ne, wanda ya wuce a caje shi ƙari. Kada a tura kuɗin ɗaki ga lambar da aka gani a Facebook ba tare da wani ya je ya ga wurin da idonsa ba.

Abinci kuwa, guzuri shi ne maganin tsada. Abin da ke jure hanya: soyayyen nama ko kaza da aka soya ta bushe, dambun nama, kilishi, cincin, dubulan, dabino, burodi, garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli. Abin da ba ya jurewa: kunun aya, fura da nono, dafaffen wake, shinkafa da miya da ta kwana a kula. Waɗannan kafin a kai Zariya sun fara tsami, kuma yaro ɗaya da ya kama gudawa ya isa ya ɓata tafiyar. A sayi ruwa katan ko jaka a waje, a daskarar da robobi huɗu ko biyar su zama ƙanƙarar kula. A cikin wurin wasa ruwa da lemo sukan ninka farashin kanti.

Sai dai wurare da yawa ba sa barin a shiga da abinci. Dabarar ita ce a ci a ƙoshi kafin shiga, a bar kula a mota, a ware kuɗin abu ɗaya kacal ga kowane yaro a ciki, ko askirim ko gugguru.

Mataki na shida: cikin wurin

Kafin ranar, a kira ko a tura wani ya tambayo: nawa ne shiga ga babba da yaro, daga shekara nawa ake biya, nawa ne kowane lilo, akwai tikitin haɗaka mai ɗauke da wasanni da yawa, babban da ya raka ƙaramin yaro kan lilo yana biya, ana karɓar kati ko tiransifa. Tikitin haɗaka yana da riba ne kawai ga yaron da zai hau duk abin da ke ciki. A saya wa ɗan shekara 13, kada a saya wa ɗan shekara biyar da zai fashe da kuka a lilo na biyu.

Da an shiga, kada a nufi wurin tikiti. A zagaya tukuna a ga abin da ke aiki, domin ba kullum ne duka injinan ke tashi ba. Sannan a ce wa kowane yaro, "Kana da guda biyar, zaɓi." Yaron da aka ba zaɓi yana yin lissafi da kansa, wanda ba a faɗa wa iyaka ba kuwa kowane lilo sai an yi rigima a gabansa. A sayi tikiti uku-uku da farko, a riƙe sauran kuɗin, saboda in ruwa ya sauko ko wuta ta ɗauke, ba a bar takardu a hannu ba. Ɗakin wasannin kwamfuta da ake zura kati ko kwabo shi ne ramin da ba a ji: kowane wasa kuɗi kaɗan ne, minti biyu ya ƙare, yaro ya miƙo hannu. A bar shi ƙarshe, da adadin da aka yanke.

Masu ɗaukar hoto sukan ɗauka ba a sa su ba, su biyo mutum da hoton a wanke. "Mun gode Malam, muna da waya," tun kafin ya ɗaga kyamara, ya wadatar.

Abu uku na lafiya da ke komawa kuɗi. Kada yaro ya hau abin da ke juyawa da cikakken ciki, a bari awa guda ta wuce. 'Yan mata masu dogon hijabi ko mayafi su tattare shi su soke, ko su sa ƙarami, kafin hawa duk abin da ke da sarƙa ko ke juyawa. A rubuta lambar wayar uba a takarda a sa a aljihun kowane yaro, a nuna musu wuri ɗaya da za a haɗu in an rabu.

Misalin lissafi

Alƙaluman nan na gwaji ne, kowa ya cire su ya sa farashin da ya tambayo. A ɗauka miji da mata da yara huɗu masu shekara 13, 10, 7 da 3, za su Abuja kwana biyu. Kujera biyar a kan naira 18,000, zuwa da dawowa, 180,000. Ɗaki a kan 30,000 kwana biyu, 60,000. Abinci da guzuri 45,000. Zirga-zirga cikin gari 30,000. Shiga mutum shida a kan 2,000, naira 12,000. Manyan yara uku lilo biyar-biyar a kan 2,000, ya kama 30,000, autan kuma lilo uku tare da mai riƙe shi, 12,000. Tsaraba 20,000. Jimla 389,000. A ɗora kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana, wajen 58,000, a cike shi ya zama 450,000.

A dubi inda kuɗin ya tafi. Ƙofa 12,000 ce kawai, ƙofa da lilo duka 54,000, ko kashi ɗaya cikin takwas bai cika ba. Don haka wanda lissafi ya fi ƙarfinsa kada ya fara da rage wa yara lilo, abin da aka zo dominsa ke nan kuma ragin ba zai taka kara ya karya ba. Ya rage nisa, ya rage kwana, ko ya rage manya masu rakiya. Mayar da tafiyar Kaduna kawai yana iya zubar da kusan rabin kuɗin mota.

Mataki na bakwai: tarawa da rabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Naira 450,000 a wata tara 50,000 ce duk wata, a wata shida 75,000. Ma'aikaci ya cire ranar da albashi ya shigo, ya tura wani asusun da ba ya yawo da katinsa. Ɗan kasuwa ya yi zubin mako. Manomi ya ware buhunan da zai sayar tun da kaka, ya san na tafiya ne. Adashi yana aiki in aka nemi kwasar da ta faɗo wata guda kafin tafiya, amma kwasar farko bashi ce, za a dawo daga yawo ana ta zubi. Bashin manhajojin waya kuwa kada a kusance shi don shaƙatawa, ruwansa yana da yawa, wa'adinsa gajere. Yara ma a ba su asusu su tara na askirim da abin wasa, su riƙe abinsu.

Saura mako biyu a sake zuwa tasha a tambayi farashi. In ya tashi, a gyara lissafin a gida.

Daren tafiya a raba kuɗin gida-gida: na hanya, na masauki, na abinci, na wasa, na ko-ta-kwana. Kuɗin motar dawowa a ware shi daban a ba uwargida, kada a taɓa shi ko da yara sun yi birgima. Kada a riƙe tsabar kuɗi mai yawa a hanya, amma kada a tafi da waya kaɗai, domin sabis yakan ɗauke daidai lokacin da ake gaban mai tikiti, masu POS na bakin irin waɗannan wurare kuma cajinsu ya fi na unguwa. A ciri abin da za a kashe a ranar tun a kusa da masauki, a nemi canji 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, sauran ya zauna a asusu biyu daban, ɗaya a wayar miji ɗaya a ta mata. A jakar hannu a sa farasitamol na yara, gishirin ORS, ledoji na amai, cajar waya da katin shaida na kowane babba.

Tsaraba a saye ta da yammacin ranar ƙarshe, a kasuwa ba a bakin wurin wasa ba, bayan an ga abin da ya rage. A rubuta sunayen waɗanda za a saya wa tun daga gida, a tsaya a kansu. Da safe a isa tasha da wuri a samu motar farko, domin wadda ta cika da azahar daga Abuja ba za ta wuce Funtuwa da sauran rana ba.